Ranar da Muka Dafa Kayan Tiyata da Itacen Kirya

Shekaranjiya ina zaune a bakin ƙofa na ji ɗaya daga cikinku, ba zan kama suna ba amma mai jar hular nan ya san kansa, yana gaya wa budurwarsa a waya cewa aikinsa a asibiti danna maɓalli ne kawai. Wai a zuba ƙarafa a inji, a danna, a nemi kujera. Na yi dariya har sai da tari ya kama ni. To tunda na kusa ajiye aiki in bar muku ɗakin nan, bari in rubuta muku abin da na sani game da shi, ku karanta lokacin da kuke zaman jiran injin naku.

Sunana Rifkatu, 'yar Zuru ce ni gaba da baya, kuma na fi shekara talatin ina wanke kayan tiyata, ina naɗe su, ina dafa su. Mara lafiya bai taɓa sanin fuskata ba. Likita yake gode wa, nas yake kawo wa kaza. Amma babu wuƙar da ta taɓa shiga jikin mutum a asibitin nan ba tare da ta bi ta hannuna ba.

Aikin farko da aka ba ni hantsaki ɗaya ne. Wanda ya koya mini sana'ar, Baba Saje, tsohon soja ne kamar rabin dattawan garin nan, kuma a bariki ya koyi kula da kayan likita. Ya miƙo mini hantsakin da ake matse jijiyar jini da shi, ya ce in wanke. Na wanke shi tas, yana ƙyalli, na kawo ina jiran yabo. Ya buɗe bakin hantsakin, ya kai shi taga wajen hasken rana, ya sa tsinke a mahaɗar da ƙarfen biyu suke juyawa, ya zaƙulo wani ɗan baƙin abu kamar ƙwayar gero.

Ya ce, "Ke yarinya, wannan jinin wani ne. Gobe za ki zuba shi cikin cikin wani. Sun san juna?"

Daga nan karatu ya fara. Da ruwan sanyi ake fara wanki, don ruwan zafi dafa jini yake yi ya manne a ƙarfe. Kowane hantsaki a buɗe ake wanke shi, a buɗe ake dafa shi. Almakashi ba a jefa shi cikin tasa, a kwantar da shi ake yi, don bakinsa ya fi na amarya saurin ɓaci. Naɗin koren ƙyalle ma da tsarinsa: a bar kunne a kowace kusurwa, yadda nas za ta ja ta buɗe ba tare da yatsanta ya taɓa ciki ba. Baba Saje yakan ɗaure mini ido da ɗankwali, ya riƙa ɗora mini ƙarafa a tafin hannu ɗaya bayan ɗaya in faɗi sunansu. In na yi kuskure ba ya zagi, sai dai ya yi wani ɗan tsaki wanda har yau in na tuna shi sai na gyara zama. Likitoci kuwa kowa da halinsa. Akwai bahagon da sai an juya masa jerin kayan, akwai wanda in bai ga wani tsohon mariƙin allura da ya saba da shi ba, ranar nan kowa sai ya ji a jikinsa.

Sai tukunya. A lokacin ba mu da inji. Wata ƙatuwar tukunyar dalma ce mai kauri, murfinta da kusoshi masu kunne da ake murɗawa a ɗaure, a samansa da ɗan bututun da tururi ke fita, da agogo mai hannu ɗaya. A kan risho mai famfo muke ɗora ta. Dokar Baba Saje a kanta ba ta da yawa, amma ba ta lanƙwasuwa. A bar tururi ya kori iska tukuna kafin a rufe bututu. In hannun agogo ya hau ya shiga wurin da aka shafa wa kore, to can zai tsaya rabin awa cur. In ya sauko ƙasa da koren, ko da saura ƙiris a gama, an koma farko. Bayan nan a bar kaya su bushe, don jiƙaƙƙen ƙunshi da wanda ba a dafa ba duk ɗaya ne. Akwai ɗan tef da muke mannawa a bayan ƙunshi, wanda zanensa ke yin baƙi in ya sha tururi. Kun san shi. Abin da ba ku sani ba, tef ɗin nan yana yin baƙi tun kafin kaya su dahu. Shi dai ya ce ya ga zafi. Ko an cika rabin awa, wannan mai tsaron tukunya ce kaɗai ta sani, ita da Allah.

Da aka kawo injin lantarki, Baba Saje ya riga ya koma gida. Aka ce a jefar da tsohuwar tukunya. Na tura ta can ƙuryar sito, kuma lokaci-lokaci nakan je in shafa wa bakinta basilin yadda ya koya mini, don kada murfin ya ciza.

Ta kuwa yi rana a shekarar da ba na son tunawa. Injin ya mutu, kayan gyaransa sai daga Legas, aka yi ta cewa wata mai zuwa har damina ta zo ta wuce. Muka koma kan tukunya da risho. Girki ɗaya ko biyu muke iya yi a yini, shi ma sai an yi ta lallaɓa kananzir, don haka aka ce sai mai naƙuda da wanda ya yi hatsari kawai za a yi wa aiki. Masu gwaiwa kuwa a ce su je gida su dawo. Ku kuna ganin gwaiwa abin dariya ce. Ku tambayi manomi wanda hanjinsa ke saukowa duk lokacin da ya ɗaga garma. Garin nan da ƙauyukansa kowa da ƙarfinsa yake ci, shi ya sa ciwon ya yi mana yawa. Akwai wani dattijo daga wajen Wasagu da ya yi ta zuwa a kan kabu-kabu, ya zauna a bencin da ke ƙarƙashin tagata, ya riƙe mara da hannu biyu, a ce masa ba yau ba. Zuwansa na ƙarshe hanjin ya riga ya shaƙe. A hanyar Sakkwato ya cika. Na yi kuka a kan mutumin da ban san sunansa ba, kuma na ji haushin sana'ata. Kafin a gyara injin, rishon ma ya ƙone gindinsa ya ɓule, masu jiran aiki kuwa sun taru har ba wanda ya san ranar da layi zai zo kansa.

A cikinsu akwai Dantani, wani saurayi daga wani ƙauyen kan tudu bayan Manga. Shi nasa ciwon ya haɗu da golmo. Ga waɗanda ba 'yan nan ba ne a cikinku, golmo shi ne noman da saurayi ke yi wa uban yarinyar da yake so. Samari sukan haɗa ƙungiya, su bi gonakin surukansu ɗaya bayan ɗaya, shekara da shekaru, har bakwai, kafin a ba mutum matarsa. Dantani ya kai shekarar ƙarshe. Amma damina biyu ke nan abokansa ne ke yi masa huɗa, shi in ya ja kunya biyu sai ya kwanta a inuwa yana mayar da hanji da hannu. Uban yarinyar, Ladi sunanta, ya faɗa a gaban mutane cewa in bana ma Dantani bai riƙe garma da kansa ba, maganar ta mutu, ba zai ba da 'yarsa ga wanda za ta noma wa abinci ba. Shekara shida na gumi, da yarinyar da ta jira shi, duk sun rataya a kan aikin da bai fi lokacin dafa shinkafa ba.

Sai ga sanarwa a rediyo, a masallatai da coci-coci: gwamnati za ta turo likitocin tiyata su yi mako guda, su share layin masu gwaiwa kyauta, kuma cikin bazara, don manoma su warke kafin ruwa ya sauka. Na ji sanarwa iri-iri a rayuwata, don haka na ce sai na gani. Ai kuwa na gani. Mota guda ta janareta da mansa, katan-katan na safar hannu da zaren ɗinki, sababbin hantsaki har da takardarsu. Na rungumi wani almakashi kamar jikana.

Ban taɓa yin mako mai daɗin wannan ba. Gado biyu aka kafa a ɗakin tiyata, ana sauke wannan ana ɗora wancan. Shugaban likitocin, Dakta Nasiru, mutumin Birnin Kebbi ne, siriri, mai saurin hannu da saurin dariya. Tun ranar farko ya leƙo ɗakina ya ce, "Mama Rifkatu, mu dai hannu gare mu. Yawan mutanen da za mu yi wa aiki, ke ka hwaɗin shi." Gaskiya ya faɗa. Kayan aikin gwaiwa 'yan ƙunshi kaɗan ne, sai dai a yi ta juya su. Suna fitowa da jini ina karɓa, in wanke, in goge, in naɗe, in cusa a inji, in zaro waɗanda suka dahu in miƙa ta taga. Injin bai huce ba, ni ma ban huce ba. Ƙafafuna suka kumbura na cire takalmi. Sai na kama kaina ina waƙar coci da ƙarfi a kan tasa, nas-nas suna amsa mini daga can ciki. Farfajiya ta cika maƙil da tabarmi, da tukwanen 'yan jinya, da tsofaffin da aka gama wa aiki suna takawa a hankali, suna nuna wa juna bandeji kamar lambar girma.

Ana saura kwana biyu a gama, ƙungiyar golmon Dantani suka sauko da shi. Labarin bai kai musu da wuri ba. Samari ne cike da farfajiya, ƙafafu duk jar ƙasa, shugabansu wani kakkaura mai suna Audu. Aka ce Dantani yaro ne, dattawa za a fara sallama, shi sai ranar ƙarshe. Suka ce sun yarda. Amma waɗannan ba su iya zaman banza ba. Audu ya ga tankinmu ya kusa ƙafewa, ga tulin koren ƙyallen da ke jiran wanki, ya zo ya tsuguna ya ce, "Mama, ina gonarki take?" Na nuna masa rijiyar burtsatse da igiyar shanya. Sai ka ga sun jera kamar a kan kunya, bokiti na bin bokiti, wasu na matse ƙyalle biyu-biyu, suna waƙar nomansu da yarenmu. Mai wankinmu ya zauna a kan turmi yana ba da umarni kamar hakimi.

Ranar ƙarshe, rana ta kusa tsaka, na ji wani ɗan ƙauri. Na waiga, fitilar injin ta mutu. Mai gyaran wuta ya buɗe bayansa, ya girgiza kai, ya ce ƙarfen da ke ɗumama ruwan ya ƙone ƙurmus, mako guda ba hutu. A cikin injin kuwa akwai girkin ƙarshe, ko rabi bai yi ba. Sauran ƙunshi biyu da suka dahu aka yi wa dattawa biyu aiki da su. Ya rage mutum ɗaya, Dantani, yana kwance a gadon da ke jikin taga, an aske shi, an sa masa rigar tiyata, bai ci komai ba tun jiya.

Dakta Nasiru ya fito yana cire safar hannu. Ya ce, "Mama, sojan da ka raka mu sun ce da anka kira la'asar mu tashi. Kin san hanyag ga da marece. Akwai dabara?"

Na ce akwai tsohuwar tukunya, sai dai babu risho.

Ya ce, "To ki ba ni kaya masu tsarki kahin la'asar, ni ko in ba ki yaron ga da ɗinki."

Audu da mutanensa suka ɗauko tukunyar daga sito kamar za su kai amarya. Murfin ya buɗe ba gardama. Muka kafa duwatsu uku a bayan ɗakin wanki, na zuba ruwa, na sake naɗe kayan, na murɗa kusoshi. Itace kuwa kafin in rufe baki sun tara shi, busassun rassa, karan dawa, har da ƙafar wani karyayyen benci. Wuta ta tashi, tururi ya fara feshi, na bari ya kori iska, na rufe bututu. Hannun agogo ya hau, ya shiga kore. Samari suka yi sowa. Amma ƙarfin golmo bai san ya isa ba. Suka ci gaba da tura itace, hannun ya wuce kore ya doshi ja, tukunya ta fara wani ihu da ya sa 'yan jinya suka watse. Na ce a janye. Suka janye gaba ɗaya. Hannun ya faɗo ƙasa da kore. Muka koma farko.

Karo na biyu mun fi natsuwa. Na sa mutum biyu kawai a bakin wuta, ni ina tsaye idona a kan agogo, ina cewa ƙara, rage, ƙara. Mun ci fiye da rabin lokacin. Sai iskar bazara ta kaɗo ta bayan ɗakin wanki, ta kwashe harshen wutar gefe guda, karan dawa kuwa ba shi da garwashi. Ina ji ina gani hannun ya zame. A daidai nan aka kira azahar.

Dole na bar tukunya ta huce in ƙara ruwa, don kada ta ƙafe ta ƙone kayan. Da na ɗaga murfi, tef ɗin ya yi baƙi ƙirin, zane-zanensa sun fito raɗau. Audu ya gani. Kwana biyu yana kallon abin da nake miƙawa ta taga, ya san alamar. Ya durƙusa a ƙasa, ƙaton mutum, ya riƙe gefen zanena.

Ya ce, "Mama, ga shi ya yi baƙi. Irin sa ne kike ba su. Don Allah ki ba su. In motan nan ya tafi, Dantani ya ƙare."

Zuciyata ta karye, ba zan ɓoye muku ba. Na san in na miƙa ƙunshin nan babu wanda zai tambaye ni. Na kuma san abin da ke faruwa da ciki in ƙazanta ta shiga: kwana uku ya fara ruwa, mako guda ya buɗe, mutumin da ya zo da ƙafarsa a fitar da shi a tabarma. Na ce, "Audu, tashi. Bai dahu ba." Na ɓare tef ɗin na jefa a wuta don kada in sake kallonsa. Dakta yana tsaye a bakin ƙofa, ya dubi agogon hannunsa, ya ce, "In ta ce ba su dahu ba, ba su dahu ba." Ya koma ciki.

Akwai wata mata da tun safe nake gani a gindin mangwaro, 'yar gajera, baƙa, da kwano a gabanta rufe da faifai. Ta juya wa ɗakin maza baya, ba ta yi wa kowa magana ba. Sai ga ta ta taso, ta zo ta tsaya a kan murhunmu tana kallon tokar kamar wadda aka ɓata wa rai. Samarin nan duk suka miƙe, suka ja da baya, kowa ya sunkuyar da kai. Wani ya raɗa mini cewa Uwar Ladi ce, surukar Dantani, kuma duk yankinsu babu mai dafa burkutu kamarta.

Ta ce da ni da yarenmu, "'Yar uwa, wa ya koya muku hura wuta? Wannan ai ta gasa ɓera ce."

Ku sani ni shugabar zumuntar mata ce a cocinmu, kuma na sha tsayawa in yi faɗa a kan masu tukunyar giya. Ranar nan ban tuna ko aya ɗaya ba. Na ce, "Yaya, wuta nake so wadda ba ta hawa ba ta sauka, rabin awa."

Ta ce, "Rabin awa kawai?"

Ta aiki Audu a kan kabu-kabu wani gida a cikin gari inda abokiyar sana'arta take, ta ce ya karɓo gungumen kirya uku busassu, ya ce ita ta aiko. Kafin ya dawo na sake naɗe kayan da busasshen ƙyalle da sabon tef. Ita kuma ta kwashe karan nan da rassan duk ta watsar, ta bar garwashi, ta matso da duwatsun, ta sa aka jingina wani tsohon kwanon rufi ta inda iska ke shigowa. Ta kori samarin zuwa inuwa. Da kirya ta iso, ta jera kawunan gungumen uku suna sumbatar juna a ƙarƙashin tukunya, ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa, da ɗan ƙoƙon ruwa a gefenta.

Na nuna mata agogo, na fara bayanin kore da ja. Ta ɗaga mini hannu.

Ta ce, "Ni ban san wannan ba. Ke dai in ya kai inda kike so, ki gaya mini, in ji muryarta."

Hannun ya hau a hankali. Da ya zauna a tsakiyar kore na ce, "Nan." Ta karkata kai, ta rufe ido, ta saurari ɗan hucin da tukunyar ke yi. Shi ke nan. Daga nan ba ta sake tambayata komai ba. In muryar ta so yin sama, sai ta tsoma yatsu a ƙoƙo ta yayyafa wa garwashi. In ta so yin ƙasa, sai ta tura gungume ɗaya da babban yatsan ƙafarta, ɗan kaɗan, kamar mai tashin yaro daga barci. Ni kuwa ina kallon abin da ban taɓa gani ba ko a kan risho, ko a injin lantarki: hannun agogon nan ya tsaya cak kamar an zana shi. Nas-nas sun cika taga, mai gyaran wuta ya buɗe baki. Gumi na zuba daga haɓarta, ba ta ko share ba. Da na ce lokaci ya cika, ta buɗe ido ta ce, "Har an gama? Ko tsakin dawa bai isa ya nuna ba."

Muka janye gungumen, tururi ya sauka, na ɗan ɗaga murfi na bar zafin garwashi ya busar da kaya. Wannan jiran ya fi komai cin rai, don direba ya riga ya tayar da mota, ana ɗora jakunkuna. Na taɓa ƙunshin da hantsakin ɗauka, ya bushe ƙayau. Na sa shi a tire na ruga, ni da ban yi gudu ba tun ina budurwa. Dakta Nasiru ya riga ya wanke hannu yana tsaye, an yi wa Dantani allurar baya. Na miƙa ta taga na ce, "Sun dahu." Bai dubi tef ba. Ya ce, "Bismillah."

An kira la'asar yana kan ɗinkin ƙarshe. Sojan rakiya ya zo har ƙofa sau biyu, babbar nas ta tare shi da ruwan sanyi da hira. Dakta ya fito da koren kayansa a jiki, bai ko canza ba, ya faɗa mota yana ɗaga mana hannu. Ta taga ya ce a gaya wa yaron kada ya ɗauki ko bokiti har wata biyu, bayan nan ya huɗe duk tudun Zuru in ya ga dama. Samarin golmo suka bi motar da gudu da waƙa har bakin titi, ni ma na taka rawa, da kumburarrun ƙafafuna.

Da aka turo gadon Dantani ta baranda, Uwar Ladi ta yi maza ta juya ta fuskanci bango. Suruka ba ta haɗa ido da surukinta, balle yana kwance cikin rigar da ba ta rufe gwiwa ba. Sai da ƙarar gadon ta yi nisa ta yi magana, har lokacin bango take kallo.

Ta ce, "Zai sunkuya?"

Na ce, "Kafin ruwan huɗa zai sunkuya."

Sannan ta miƙo mini kwanon nan mai faifai, kunun dawa ne, ta ce in an yarda ya sha a ba shi, amma in juye a wani kwanon don kada ya gane nata. Ta ce kuma kada kowa ya gaya masa ta zo. Ita maƙwabciya ta zo dubawa a ɗakin mata. Na dubi Audu. Ya ce, "Wa ya zo, Mama? Mu ba mu ga kowa ba." Ta gyara zane, ta fita ta ƙaramar ƙofa.

Dantani ya riƙe garmarsa a daminar nan, kuma bayan girbi aka kai masa Ladi, har ni aka aiko wa da cinyar akuya. Amma ni yammacin ranar nake tunawa. Bayan na wanke kayan da aka yi masa aiki da su, na leƙa ɗakin maza. Yana kwance, ƙafafunsa ba su gama farfaɗowa ba, idonsa biyu. Gadon da ya yi jira a kansa tun safe yana jikin tagar da ke kallon bayan ɗakin wanki, kuma na san babu abin da bai ji ba.

Ya ce, "Mama, sannu da aiki. Wa ya riƙe wutar nan?"

Na ce, "Wata mata ce mai wucewa."

Ya dube ni, ya dubi ta taga wajen ƙaramar ƙofar da ta fita. Sai ya kai hannu a hankali, ya jawo mayafin gadon, ya rufe fuskarsa.